Mage a lambun maƙwabci: Ƙaramar rigimar da ke cin zumunci a Paraku da Jugu

Da zarar damina ta ɗauke a arewacin Jamhuriyar Benin, wajejen ƙarshen watan Oktoba, hunturu ya fara busowa, sai hankalin jama'a da dama ya koma kan noman rani. A garuruwan Paraku da Jugu, duk inda aka samu fadama ko bakin rafi ko ɗan fili a bayan gida mai rijiya, za ka tarar an gyara fangaloli, wato abin da 'yan'uwanmu na Nijeriya suka fi kira komi, an zuba irin salak da kabeji da karas da alayyafo da lalo da tumatir. To sai dai kuma daidai wannan lokaci ne wata rigima kan taso, wadda da wuya ta kai gaban alƙali, amma takan sa maƙwabtan da suka shekara ashirin suna cin tuwo tare su daina gaisawa. Rigimar kuwa ta mage ce.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Mai lambu ya wuni yana kaftu, ya farfasa ƙasa ta yi laushi, ya zuba taki, ya watsa irin da ya sayo da tsada. Da asuba ya fito da butar ban ruwa, sai ya tarar an tone masa fangali, iri ya watse, ga kuma kashi a binne a tsakiya. Ya san magen, ya san gidan da take kwana. Mai magen kuma, wanda galibi ɗan kasuwa ne mai mangaza cike da buhuna, amsarsa ba ta wuce cewa mage ba akuya ba ce balle a ɗaure ta a turke. Daga nan sai baƙar magana, sai gugar zana tsakanin matan gida, wani lokaci ma a wayi gari a ga magen a mace a bakin kwata.

Mun ga ya dace mu duba wannan al'amari ne saboda yawancinmu muna da ƙafa a ɓangarorin biyu. Mu ne masu mangaza, mu ne masu ɗan lambu a bayan gida, kuma mu ne masu sayen salak a kasuwa mu kai wa iyali.

Gari ya cika, fili ya matse

Paraku da Jugu, waɗanda tazarar da ke tsakaninsu ta kai kimanin kilomita 135, tsoffin zangunan fatake ne. Ta nan ayarin kakanninmu ke bi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja sayen goro, kuma su Zugu suke kiran Jugu. Da jirgin ƙasa ya iso Paraku daga Kwatano a 1936, garin ya zama mahaɗar kayan da ke zuwa Malanbil da Gaya har cikin Nijar. Daga kasuwar Arzeke ta Paraku kaya na fita zuwa Nikki da Cikanda kan iyakar Nijeriya, daga Jugu kuma zuwa Kasuwar Allah da ke kan iyakar Togo.

Ƙidayar jama'a ta 2002 ta nuna Paraku na da mutane kusan 150,000, amma a ƙidayar 2013 sun haura 255,000. Ƙaramar hukumar Jugu kuwa, da ƙauyukanta, ta wuce mutum 267,000 a wannan shekara. Ma'anar wannan shi ne fadamun da a da suke bayan gari yanzu gidaje sun kewaye su. Lambun da a da sai an yi tattaki kafin a isa, yanzu katanga ɗaya ce ta raba shi da ɗakin girkin wani. Inda kuwa gidaje da mangazu da bola suka yawaita, ɓeraye na yawaita, inda ɓeraye suka yawaita kuma sai mage ta biyo baya, ko an gayyace ta ko ba a gayyace ta ba.

Abin da ya sa ɗan kasuwa ba ya rabuwa da mage

Kafin a ga laifin mai mage, ya kamata a saurari tasa hujjar. Duk wanda ya taɓa tara masara ko waken soya ko busasshiyar doya ko gyada yana jiran farashi ya tashi, ya san ɓarnar ɓera. Abin da yake ci ma kaɗan ne idan aka kwatanta da buhunan da yake fasawa da kayan da yake ɓatawa da fitsari da kashi. Mai busasshen kifi da mai kilishi kuwa ba a magana.

Bayan asarar dukiya akwai batun rai. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lasa da ke Jihar Borno ta yanzu, wani ɓera ne mai yawan nonuwa ke yaɗa shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci da kayan gida. Cutar ta ɓulla a Tangiyeta, arewa da Jugu, a ƙarshen 2014, inda har ma'aikatan lafiya suka rasa rayukansu. Ta sake ɓulla a farkon 2016 a yankin Cawuru, maƙwabciyar Paraku ta kudu, kuma kafin a sanar da ƙarshenta a watan Mayun wannan shekara, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 54 da ake zaton sun kamu, 28 daga cikinsu sun rasu. Cikin shawarwarin da hukumar ke bai wa jama'a game da wannan cuta akwai adana hatsi a mazubin da ɓera ba zai iya shiga ba, da nisanta bola daga gida, da tsabta, da kuma ajiye mage.

Saboda haka unguwar da ta ce za ta kawar da magunanta baki ɗaya don ceto fangalin salak, ta yi gudun gara ta faɗa gidan zago. Sai dai ita ma magen ba ita kaɗai ce mafita ba. Ƙananan ɓeraye take kamawa, gafiya kuwa sau da yawa kallonta kawai take yi. Wani bincike da aka buga a 2017 kan gidajen karkara a ƙasar Suwazilan, wadda yanzu ake kira Eswatini, ya nuna cewa ɓeraye sun fi ƙaurace wa gidan da ke da mage da kare tare, fiye da gidan da ke da ɗaya kawai. Ɗan kasuwar da ya bar buhunansa a ƙasa jingine da bango, ya bar ramuka a buɗe, ba zai tsira ba ko da maguna goma ya tara.

Me ya sa sai fangali?

Mage ba mugunta take yi ba, ɗabi'arta ce ta tona rami ta yi bukatarta ta binne. Abin da take nema shi ne ƙasa mai laushi, busasshiya, marar ciyawa, a wurin da ba hayaniya. Da rani kuwa ƙasar tsakar gida ta ƙeƙashe kamar dutse, wasu gidajen ma an shafe su da siminti. A duk unguwar babu wuri mai laushi kamar fangalin da aka gama gyarawa jiya. Mai lambu da hannunsa ya shirya mata abin da take so ba tare da ya sani ba.

Haka kuma mage na komawa inda ta ji warin kashinta. Idan ta yi sau ɗaya ba a kwashe ba, gobe ma nan za ta zo, muzurun unguwa kuma su biyo don su bar tasu alamar. Yawancin wannan zirga-zirga da almuru ne da kuma gabanin asuba, lokacin da mai lambu ba ya nan. Shingen zana ko na kara da ke tare akuya da tunkiya ba ya tare ta, domin tana haura katangar da ta kai tsayin mutum. Wasu masu lambun kuma su ke janyo ta da kansu, idan suka zuba ɗanyen takin mahauta mai jini, ko ragowar kifi, ko suka bar bola a gefen lambu. Masu iya magana sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da ke cikin kashin

Nan ne maganar ta wuce ta asarar iri. Wasu kan ce ai kashi taki ne, kamar na shanu ko na kaji. Ba haka abin yake ba. Kashin dabba mai cin nama ba ya shiga lambun abinci, musamman na ganyen da ake ci ɗanye.

Babban abin tsoro shi ne wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira toksoplasma. Masu bincike sun fara ganin ta a 1908 a birnin Tunis, a jikin wata ƙaramar dabbar daji mai kama da ɓera, amma sai a 1970 aka tabbatar cewa a hanjin mage da danginta kaɗai take yin ƙwan da ke fita cikin kashi. Mage na kamuwa ne idan ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai ɗauke da cutar. Daga nan takan yi mako ɗaya zuwa uku tana zubar da miliyoyin ƙwai, waɗanda ido ba ya gani, sannan ta daina. Ƙananan maguna masu fara farauta su suka fi zubarwa. Ƙwan ba ya iya kama mutum a ranar da ya fito, sai ya yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje, amma da zarar ya nuna zai iya wuce shekara yana raye a ƙasa mai danshi da inuwa. Fangalin da ake ba ruwa safe da yamma kuwa shi ne ainihin irin wannan ƙasa.

An ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya sun taɓa kamuwa, kuma yawancinsu ba su ma san an yi ba, ko kuma ɗan zazzaɓi da kaluluwa suka yi suka warke. Hatsarin yana kan mutum biyu. Na farko mace mai juna biyu da ta kamu karon farko tana da cikin: cutar na iya ratsa mahaifa ta jawo ɓari, ko a haifi jariri da ruwa a kai, ko da lahani a ƙwaƙwalwa, ko da tabo a ido wanda sai ya girma ganinsa ya fara raguwa. Na biyu wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai cutar ƙanjamau da ba ya shan magani, domin shi takan taɓa masa ƙwaƙwalwa. Saboda muhimmancin abin, tun 1992 ƙasar Faransa ta wajabta gwajin jini duk wata ga mai cikin da ba ta taɓa kamuwa ba.

Ruwa ma na ɗaukar ƙwan. A 1995 cutar ta ɓarke a birnin Biktoriya na ƙasar Kanada ta hanyar madatsar ruwan sha, haka kuma a ƙarshen 2001 ɗaruruwan mutane suka kamu a wani ƙaramin gari da ke kudancin Barazil, aka gano maguna ne ke zaune a kan tankin ruwan garin. Wannan darasi ne ga masu rijiyar lambu marar baki da marar murfi, wadda ruwan ban ruwa ke gangarowa ya koma ciki, kuma yara na sha daga gare ta.

Masu kiwo su ma abin ya shafe su. Tunkiya ko akuya mai ciki da ta ci harawa ko dusar da mage ta ɓata na iya yin ɓari, kuma naman dabbar da ta kamu na ɗauke da cutar. Shi ya sa, don yi wa mage adalci, dole mu faɗa cewa tsire ko balangun da bai gasu har ciki ba shi ma babbar hanya ce ta kamuwa. Shafa mage ko zama da ita a gida ba shi ne matsalar ba, kashinta ne da abin da ya taɓa.

Bayan wannan akwai tsutsotsi. Akwai wata tsutsar cikin mage da ƙwanta ke shekaru a ƙasa, idan yaro ya haɗiye shi wajen wasan ƙasa, 'ya'yan tsutsar kan bi jini su isa hanta ko huhu ko ido. Akwai kuma wadda ke huda fatar mai tafiya ba takalmi, ta riƙa rarrafe a ƙarƙashin fata tana barin zane mai ƙaiƙayi kamar sawun maciji, wadda a wasu ƙasashe renon Faransa ake kira larbish. Tarin yashin gini da ake jibgewa a ƙofar gida, wanda yara ke birgima a kai da rana, maguna su hau da dare, shi ne babban masaukinta.

Guba ba ta san mage ba

Idan rai ya ɓaci, abin da ya fi saurin zuwa wa mai lambu shi ne ya barbaɗa magani a kan kifi ya ajiye. Mu a wannan yanki na auduga mun fi kowa sanin inda irin wannan ke kaiwa. A kakar auduga ta 1999 zuwa 2000, alƙaluman hukuma sun nuna aƙalla mutum 37 sun rasu a Borgu sanadin maganin feshin da ake kira endosulfan, da yawansu ta hanyar abincin da maganin ya taɓa. Sai a 2008 gwamnatin Benin ta haramta shi, duniya kuma ta sa shi cikin jerin magungunan da za a daina amfani da su a 2011. A Nijeriya ma, a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, saboda yadda ya zama abin halaka a cikin gidaje. Mu da ke safarar kaya tsakanin iyakoki mun san irin waɗannan kwalabe ba su ɓace daga tebura ba.

Gubar da aka ajiye don mage ba ta tambayar wanda ya zo. Kazar gida na iya tsattsaga, akuyar wani na iya lasa, yaro mai rarrafe na iya kai wa baki, ragowar kuma ta bi ruwa ta shiga fangalin da za a sayar wa jama'a. Ko ƙwayar kafur da wasu ke watsawa a lambu don warinta ya kori mage ba abin wasa ba ce. Tana kama da alewa a idon yaro, kuma tana farfasa jinin yaran da aka haifa da wani rauni na gado a jini, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma. Bugu da ƙari, kashe mage ɗaya ba ya magance komai. Muddin fangalin na nan da laushinsa, ba za a yi mako biyu ba wata za ta gaje gurbin.

Me shari'a da doka suka ce?

Rigimar dabba da shuka ta daɗe a duniya, har Alƙur'ani ya ba da labarin hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu kan gonar da dabbobin wasu mutane suka ɓata da dare. A mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san ƙa'idar: ɓarnar da dabbobin kiwo suka yi wa shuka da dare masu dabbobin ne za su biya, ta rana kuwa tsaron lambu na kan mai lambu. Asalin hukuncin shi ne labarin raƙumar Bara'u ɗan Azib da ke cikin Muwaɗɗa. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. Benin ta kafa doka kan kiwo da tsaron dabbobin gida tun 1987, ta kuma fito da kundin dokar kiwo a 2019, sannan ofisoshin magadan gari kan yi sanarwa lokaci zuwa lokaci cewa za a kama dabbobin da aka bari suna gararamba.

To amma duk waɗannan an yi su ne da tunanin dabbar da ake iya ɗaurewa ko a kora garke. Mage ba ta da turke, kuma da wuya mai lambu ya iya kawo shaidar cewa ta wane ce ta yi ɓarnar cikin maguna biyar da ke yawo a unguwa. A ɗaya ɓangaren, Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Wanda ya san wannan ba zai ɗauki azabtar da mage da guba ko tafasasshen ruwa ƙaramin abu ba. Haka kuma wanda ya san girman haƙƙin maƙwabci ba zai ce shi ba ruwansa da abin da magensa ta yi a bayan katanga ba. Abin da ya rage ke nan shi ne kowa ya ɗauki rabonsa na aikin.

Rabon mai lambu

Dabarar ita ce a hana mage samun abin da ta zo nema, wato ƙasa mai laushi a buɗe. Lokacin hatsarin kuma gajere ne, daga ranar da aka zuba iri zuwa sa'ad da ganye ya rufe fangali, makonni uku zuwa huɗu ke nan. Da ganye ya haɗe ita da kanta za ta nemi wani wuri.

Abu mafi sauƙi shi ne ƙaya. A sassaro rassan magarya ko bagaruwa ko sarƙaƙiya a shimfiɗa a kan fangali da yamma, iri zai tsiro ta ƙarƙashinsu ba matsala, a ɗage su lokacin cire ciyawa. Wanda ba shi da ƙaya kusa sai ya kakkafa tsinkayen kara ko na gora, tsayin taƙi guda, tazarar tafin hannu tsakaninsu, yadda mage ba za ta samu wurin tsugunawa ba. Mai hali ya sayi wayar kejin kaji ya shimfiɗa ta kwance a kan ƙasa, ya danne gefunan da duwatsu. Mage ba ta son taka ta, ba ta kuma iya tono ta cikinta, kuma waya ɗaya za ta yi shekaru ana naɗewa ana ajiyewa.

Ga wurin renon iri, wanda shi ne jarin mai lambu gaba ɗaya, babu kamar raga. A tsakiyar shekarun 2000 masu binciken noma na Benin da na Faransa sun gwada rufe kabeji da raga irin ta gidan sauro a lambunan kudancin ƙasar, suka ga ta rage tsutsa ƙwarai har an rage feshi. Ragar da ta hana malam-buɗe-littafi shiga ta hana mage da kaza da ƙadangare. A lanƙwasa sanduna a ɗora ta a kai, a binne bakinta. Amma a yi amfani da tsohon gidan sauron da ya gama aiki, kada a cire wanda yara ke kwana ciki a kai lambu.

Sai kuma ban ruwa. Mage na ƙyamar jiƙaƙƙiyar ƙasa, don haka a jinkirta ruwan yamma zuwa dab da magariba yadda fangali zai kwana da laima. Ɓawon lemo da ganyen tsaɓre da makamantansu masu ƙamshi suna ɗan taimakawa, sai dai kwana biyu rana ta busar da su, kuma wata magen ko a jikinta. Garin barkono kuwa ruwa ɗaya ke wanke shi, ga shi yana shiga idon dabba da na mai lambun kansa idan iska ta taso.

Idan an riga an tarar da kashi, a kwashe shi a ranar da shebur tare da ƙasar da ke kewaye, a zuba a masai ko a binne a rami mai zurfi nesa da rijiya. Kada a jefa shi kan juji da za a mayar taki. A sa takalmi a lambu, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, mai juna biyu kuma a ɗauke mata wannan aiki gaba ɗaya.

Rabon mai mage

Mai mage shi ne ke da maganin da ya fi kowanne arha. Ya samu wani lungu a gidansa ko bayan mangazarsa, inda ba rana ba ruwa ba hayaniya, ya zuba yashi mai laushi kamar kwano uku ko huɗu a tsohon baho ko rabin jarka. Mage ba ta ƙetare bayan gida mai kyau a gidanta ta tafi na wani. Sharaɗin shi ne a kwashe kullum, domin idan ya cika za ta guje shi, kuma kamar yadda muka faɗa ƙwan cutar ba ya nuna sai ya kwana. Kwashewar kullum ke nan ta kare gidan biyu. Magen mangaza kuma, idan an rufe ta ciki da dare da ruwanta da yashinta, tana wurin aikinta daidai lokacin da ɓeraye ke fitowa, kuma ba ta lambun kowa.

Ya kuma kamata a riƙa ba ta abinci dafaffe. Tunanin cewa sai an bar mage da yunwa take kamun ɓera kuskure ne, ƙosasshiya ma tana farauta, mayunwaciya kuwa ita ce ke bin gidaje da bola. A kai ta wurin likitan dabbobi a ba ta maganin tsutsa da allurar rigakafin haukan kare, domin ita ma tana kamuwa da shi. Sannan a duba batun haihuwa. Mage na ɗaukar ciki tun tana wata shida, cikin wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma takan haihu sau biyu ko uku a shekara, 'ya'ya uku zuwa biyar. Al'adar nan ta zuba 'ya'yan a kwali a kai bakin kasuwa ko fadama a yar, ita ce ke cika lambuna da magunan da ba su da mai su. Likitan dabbobi na iya yi wa muzuru dandaƙa, macen kuma a tsayar mata da haihuwa.

Rabon mai saye da mai sayarwa

Tunda ba wanda ya san tarihin kowane ƙullin salak da ya sayo, wanki ya zama dole. A nan akwai abin lura. Ruwan jabel da jan maganin nan da matanmu ke jiƙa ganye a ciki suna kashe ƙwayoyin cuta da dama, amma ƙwan toksoplasma na da ɓawo mai tauri da jabel ba ya ratsawa. Abin da ke raba shi da ganye shi ne wanki ganye bayan ganye, a canza ruwa sau biyu ko uku har ƙasa ta fita sarai, sannan a jiƙa. Karas a kankare shi. Dahuwa kuwa na kashe shi, shi ya sa miyar alayyafo da ta lalo ba su da wannan fargaba. Mai ciki ta fi samun kwanciyar hankali idan ta tsaya ga dafaffen ganye da naman da ya nuna sosai har ta sauka. Masu sayar da salak da dare a bakin tasha da masu gidan abinci su ne ya fi kamata su riƙe wannan, domin amanar lafiyar matafiya ce a hannunsu.

Daga ƙarshe, yadda ake faɗar magana ya kan fi maganar kanta. Mai lambun da ya je ya yi sallama ya ce, Alhaji, ga abin da ke faruwa, ko za a zuba mata yashi a gida ni kuma in sa ƙaya, da wuya a kore shi. In abin ya ƙi, akwai liman, akwai mai unguwa, akwai Sarkin Zango, waɗanda tun zamanin ayari aikinsu ke nan, sasanta baƙo da ɗan gari da kuma maƙwabci da maƙwabci. Bahon yashi da damin ƙaya kuɗinsu bai kai na buhun masara ɗaya da ɓera zai fasa ba, balle a kwatanta shi da lafiyar jariri. Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, lokacin yin wannan magana da maƙwabci shi ne kafin a zuba irin bana.